Sifana Mai Lamba Goma

Asabar, bayan an sha koko,
muka kori kaji daga gareji,
muka ɗaga bonat ɗin Fijon Baba,
shekararta uku a durƙushe
a gidanmu na Rafindadi,
tayoyi sun sace, gizo ya yi saƙa a sitiyari.

Ni da Rabe, ɗan gidan kawu,
sai Baba a kujerar roba, bakin ƙofa.
Yana ta rufe masa ido tun bara,
amma kunne na nan,
ko wasa aka jefar, zai faɗi girmanta.

"Batir tukuna," in ji shi.
"Wanda ya raina wuta, shi ke rawa ba kiɗa."

Na zare batir. Na kwance lagireto,
ruwan tsatsa ya tsarto kamar tofin mai cin goro.
Baƙin mai muka tara a tsohon daron Inna,
ta leƙo, ta gani, ta yi tsaki, ta koma.
Duk notin da ya fita, sai gwangwanin madara,
Rabe na zana wurin zamansa a bango da gawayi,
don kwancewa ba ta da wuya,
ranar mayarwa ake sanin gwani.

Salansa ta ƙi.
Tsatsa ta ƙulla mata zumunci da ƙarfe.
Muka ba ta kananzir ta sha,
muka tafi Azahar,
muka dawo, ta sauko da kanta.

Sarƙar aro ce, daga wajen Sallau mai walda.
Muka rataya ta a kwangirin da ya riƙe rufi,
muka ɗaure inji ta wuya da ƙugu.
Rabe ya ja. Na ja.
Inji bai taso ba, motar ce ta taso gaba ɗaya,
tana nishi.

"Ku tsaya!
Akwai saura ɗaya, can ƙasa, jikin giyabos.
Ba na kamfani ba ne.
Ni na ɗaura shi a hanyar Jibiya,
cikin ruwan sama, da fitilar ƙwai."

Na shimfiɗa kwali, na kwanta rigingine,
tocila a baki, ƙasa na zubo mini a ido.
Ga shi nan kuwa,
ƙaton noti, bare a cikin dangi,
ya riƙe amanar da aka ba shi, ya ƙi saki.
Sai da na ba shi fatar yatsa biyu.

Sannan inji ya tashi.
A hankali, yana lilo kamar sa a mahauta,
yana ɗiga, ɗis, ɗis, a kan siminti.
Muka tura motar baya.
Ban taɓa ganin rami mai faɗin wannan ba:
ƙirji a buɗe, babu kowa a ciki.

A nan na hango ta,
maƙale tsakanin ƙarfe da ƙarfe, giris ya yi mata riga.
Sifana mai lamba goma.

Ina ɗan shekara tara ta ɓace.
Aka ce ni na kai ta wasa.
Na rantse, na yi kuka, na sha tsumagiya,
na kwana ban ci tuwo ba.
Ashe duk zuwa Maraɗi da dawowa,
duk kai amfanin gona, duk zuwa asibiti,
tana nan tana jin mu.

Na goge ta da gefen riga,
na sa masa a tafin hannu.
Ya juya ta. Babban yatsa ya bi lambar,
ya sake bi.

"Goma ce," ya ce.

Sarƙa ta yi ƙara. Rabe ya kalli bango.
Inji na ta ɗiga.

Can sai Baba ya ɗaga murya:
"Kande! In kin zuba miya,
ƙara wa yaron nan nama."

Shekarata arba'in da ɗaya.
Na koma na tara daro a ƙarƙashin inji.