Maɓallin Hagu da Dama

Lasifika biyu Baba ya bar mana a Gyallesu,
na katako, tsayinsu ɗaya da yaro ɗan shekara huɗu.
Ranar da wuta ta dawo da fushi
kamar mai rama bashin mako uku,
akwatin da ke ba su murya ya yi tari sau ɗaya,
ya fitar da hayaƙi mai warin roba, ya yi shiru.
Tun daga nan Inna ke ɗora musu kwanon sha da carbi.

Albashi ya shigo ran Laraba.
Na ware na masara, na ware na makarantar Ummita,
dubu arba'in da biyu suka rage.
Na naɗe su a aljihun ciki, na tari keke zuwa Sabon Gari.

A layin 'yan kayan wuta
kowa amfilifayarsa ta fi ta kowa.
Okwudili ya zaro sabuwa dal daga kwali,
fitilu shuɗi da ja na tsalle a goshinta,
an rubuta mata wat dubu biyar a ƙirji.
Na ɗaga ta da hannu ɗaya.
Wallahi tulun da ba ruwa ya fi ta nauyi.
Ya murɗa ta har kwanon shago ya ɗauki rawa,
ya ce, "Oga, ka ji ƙarfi?"
Na ji.
Amma ni ba gidan biki zan buɗe ba,
ɗaki ne ƙafa goma sha biyu,
kuma katanga ɗaya muke da liman.

Can ƙarshen layi Tanimu mai gyara na zaune,
hayaƙin dalma na shiga masa ido.
Bai ɗago ba ya ce:
"Kada ka saya da ido, ido bai san sauti ba.
Rage ta ƙasa-ƙasa ka kasa kunne,
in tana shuu kamar famfon da ruwa ya ɗauke, bar ta.
Wat talatin kowane gefe
zai kai ka har jikoki.
Bayan minti goma ka ɗora tafi a bayanta,
in ta yi zafin dutsen guga, bar ta.
Kuma ka rage kuɗin sitabilaiza,
ko ka dawo min da gawa kafin watan gobe."

Ya janyo wata daga ƙarƙashin benci,
'yar gwanjo, fuskarta fara, gefenta a karce,
maɓalli ɗaya ba nata ba ne, aro aka yi mata.
Ba ta san bulutut ba.
Na ɗaga ta, sai da na sa hannu biyu.
Allurarta ta yi tafiya a hankali ta kamo Kaduna,
muryar mai labarai ta fito wasai,
har na ji lokacin da ya juya takarda.

Sai na ga ƙaramin maɓallin nan a tsakiya.
Na murɗa hagu, murya ta koma hagu.
Na murɗa dama, ta bi ni.
Ta Okwudili ba ta da shi.

Talatin da takwas, in ji Tanimu.
Muka ja, muka sassauta, muka rantse,
talatin da ɗaya ta tsaya.
Sauran na sitabilaiza ne da mai keke,
na rungume ta a cinya har Ƙofar Doka kamar jinjiri.

Kunnen Inna na hagu ya mutu
tun zazzaɓin shekarar da aka haifi Ummita.
Na jona wayoyi, ja da ja, baƙi da baƙi,
na sauke kwanon sha,
na karkata maɓallin nan zuwa dama, kaɗan, sannan kaɗan.
Ana karanta gaisuwar masu sauraro.
Ta ajiye tsintar shinkafa.
"Wannan na Anchau ne," ta ce, "na san gidansu."

Minti ashirin wuta ta yi, ta ɗauke.
Allura ta dushe.
Inna ba ta juya ba,
kunnenta na nan wajen katakon dama,
ta ce in bar shi yadda na sa shi.