Allurar Mai

Na sayi 'yar jif ɗin nan ne don ƙanƙantarta,
na ce ƙaramin ciki ba zai cinye ni ba.
Ashe ɗan tsako ma, in ya samu rumbu a buɗe,
bai san ƙoshi ba.
Daga Agege zuwa Apapa, sau biyar a mako,
kafin Laraba allura ta sunkuyar da kai.

Na kai ta gun Kamoru, bakanike a bayan layin dogo.
Bai ko taɓa bonet ba.
Ya zagaye ta, ya shuri taya da gefen silifas,
ya ce, da Hausarsa ta tsintuwa a kasuwa:
"Oga Tanimu, motarka rarrafe take yi.
Ba ta iska ta miƙe tsaye,
iska dai ba ta kai tsadar mai."

Ya zaro matacin iska, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya,
ya buga shi a gwiwa, ƙurar shekara biyu ta tashi.
Fulogi huɗu, biyu sun mutu ba a yi musu zaman makoki ba.
Ya canza, ya goge hannu, ya dubi ƙasa:
"Sauran ciwon a ƙafarka ta dama yake.
In za ka taka, ka ɗauka a ƙarƙashin totur akwai ƙwai."

To, na koyi tafiya bisa ƙwai a Ikko,
garin da kowa ya makara tun daga haihuwa.
Danfo ya kutso, na bar masa hanya,
kwandasta ya leƙo ya yi mini daƙuwa,
na tarar da shi a danja ta gaba, yana tsaye.
A gosulon Oshodi nakan kashe inji,
in saurari masu tallar gala da ruwan leda.
Na sallame asuba da makulli a hannu,
don titi kafin shida wani gari ne daban.
Sanyin mota na ajiye shi sai ranar da na ɗauko baƙo,
ni da gumi mun saba sosai.

Na sayi ɗan littafi, na rataye masa biro.
Lita nawa, kilomita nawa.
Takwas. Tara. Tara da ɗan ɗoriya.
Matata Asabe ta ce ko harajin gwamnati
bai samu irin wannan lissafi ba.
Na ce mata kowace lita kwanon shinkafa ce,
ta yi dariya kawai.

Ran Asabar Kamoru ya ce in buɗe but.
Jarka biyu, tsohon batir, rabin buhun gawayi,
bulo uku da na manta dalilinsu,
har ƙarfen kaya na saman rufi ya kwance,
wai yana kokawa da iska a kan doguwar gada.
Can ƙurya, cikin tsohon zane,
kan keken ɗinkin Baba.
Tun ran da muka rufe shagonsa yake nan,
yau wata bakwai.

Kamoru ya ɗaga, ya yi nishi.
"Wannan kaɗai ya kai rabin mutum."
Ya buɗe baki zai ƙara, ya dubi fuskata,
ya mayar da shi a hankali,
ya gyara masa zanen, ya rufe but,
bai ce komai ba sai "Haka dai."

Yanzu littafina yana cewa goma sha ɗaya.
Da na sauke keken, wataƙila da ɗan ƙari.
Na lissafa abin da yake sha:
bai wuce cikin kofin shayi a mako ba.
In na faɗa rami a Mushin yakan yi ƙara kaɗan,
irin gyaran muryar Baba in na yi gaggawa,
sai in ɗaga ƙafa.
Wannan fasinjan ni ke biya masa mai.