Mai Raɗa a Ƙarƙashin Dandali

Shekara talatin da ɗaya ina cikin akwatin nan,
ƙarƙashin dandali, a gidan opera na Rovigo.
Kaina kaɗai ke leƙowa, kamar na kunkuru,
daidai da takalman mawaƙa.
Aikina raɗa. In baiti ya kuɓuce wa mai shi
ni ke miƙa masa, ba wanda ya gani.
Na san ƙurar labulen nan fiye da fuskar ƙanwata.

Resitatibo ɗan dako ne, zance ne aka ɗora kan kiɗa:
wa ya zo, wa ya ci amana, wa ke bin wa bashi.
Ariya kuwa nan agogo ke tsayawa,
mace ta kama kalma ɗaya ta yi ta juya ta
har na kujerun sama su miƙe da tafi.
Amma akwai ɗan tsakaninsu, ariyoso,
jemage, tsuntsaye sun ƙi shi, ɓeraye sun ce ba nasu ba.
Magana ce da zazzaɓi ya fara kamawa.
Ba ya maimaita kansa, ba ya jiran yabo,
ya zo ya wuce kamar almuru a lungu.

Ermete Scalabrin bai taɓa son sa ba.
Ƙato ne, ɗan masunta daga Chioggia,
muryarsa kamar ana mirgina ganga a soro.
Ya ce da ni: Nives, gaɓa takwas ɗin nan gada ce kawai,
wa ke kafa gado a kan gada?
A guje yake tsallake ta
don ya isa inda ake tafi.

Daren Alhamis, ruwa ake tun la'asar,
mutane sun shigo da laimomi a jiƙe, ana ta tari.
Shi ne mai fiton da aka kawo wa labari
kwalekwalen 'yarsa ya dawo ba kowa ciki.
Zance ya tafi daidai. Ya tambayi ɗan aike, ya sallame shi.
Sai goge ya sassauta,
Dal Zotto ya sauke sandarsa ƙasa-ƙasa,
Ermete ya buɗe baki,
babu komai.

Na ga gwiwarsa na rawa cikin wandon ulu.
Wata biyu ke nan teku ta hana shi gawar ƙanensa.

Na miƙa masa a raɗa: Na bar mata fitila.
Bai ɗauka ba.
Na sake. Ban san sa'ad da raɗar ta karkace ba,
ta hau bayan goge ta zauna,
ni da ban taɓa rera ko ta rarrashin jariri ba.
Na bar mata fitila a bakin ruwa,
mai ya ƙare, ban tashi na ƙara ba.
'Yan sahun gaba sun ji.
Wata tsohuwa ta cire tabarau tana neman mai muryar.

A gaɓa ta huɗu ya karɓa daga bakina,
a hankali, kamar mai karɓar kwanon miya mai zafi.
Bai yi gudu ba.
Ya taka gadar katako bayan katako,
yana magana, maganar na tsatsar waƙa
yadda sabuwar randa ke tsatsar ruwa.
Ariyar da ta biyo an yi mata tafi, an jefo furanni.
Ban tuna ta ba.

Da aka kashe fitilu ya durƙusa bakin akwatina,
gumi ya wanke hodar fuskarsa.
Ya ce: Ashe kina da murya.
Na ce: Ba ni da ita. Aro na yi na gaɓa uku,
na kuma mayar.

Na sa fensir a shafi na casa'in da biyu, na rufe littafin,
na fita ta ƙofar baya. Ruwa bai ɗauke ba.
A tashar bas ina ƙirga kuɗin mota a bayyane,
sai na ji lissafin ma
yana neman karkacewa.