Wuyan Dinya

A Magazin ta Suwame na yi wa Mumuni walda:
ƙwallon ƙarfe guda, tsakiyar bodin a-kori-kurarsa,
daidai bisa ƙafafun baya.
Nan tirela za ta sunkuyo da dogon wuyanta
kamar dinya ta zo shan ruwa.

Ya ce, Issaka, buhu nawa za ta ja?
Na buɗe ƙofar direba, na tofa yawu a yatsa,
na goge ɗan allon da baƙin mai ya rufe.
Na ce, karanta.
Ya ce shi gareji ya zo, ba makaranta ba.

To, saurara da kunne.
Ja daban, ɗauka daban.
Inji sarkin cika baki ne, kome ka ɗaura zai ce kawo.
Amma wuyan nan da ka ga ya lanƙwasa
ba ado ba ne.
Cikin buhu huɗu, kusan ɗaya
a gadon bayan motarka yake zaune.
Ƙara da kai, da yaron motarka Sumaila,
da jarkokin mai, da jak, da kular abincin Memuna.
Sikeli bai san ɗan gari ba.

Ya yi dariya har haƙorin makkansa ya fito.
Ya ce masara ta yi arha a Ejura,
kuma Allah ke tsarewa.
Na ce, haka ne.
Shi ya ba ka ido, ya bar lambar a jikin ƙofa.

Hawa ba shi ne abin tsorona ba.
Gangaren Mampon nake gani:
lokacin da abin da kake ja
zai juya ya fara tura ka,
birki na wari kamar gashin da ya faɗa garwashi,
sitiyari ya yi sakayau a hannu
don goshin mota ya ɗaga.

Laraba bayan isha'i sai ga shi.
Ban gaishe shi ba, sifirin na fara dubawa:
da sauran baka a jikinsa, bai kwanta ba.
Na dafa taya, ɗumi kawai.

Buhu goma sha biyu ya baro wurin wata mai shago,
gobe zai koma, mai sau biyu.
Yana ta mita, wai ni na ci masa riba.
Na miƙa masa goro.
Ya karɓa, ya ɓare,
bai ba ni rabi ba.