Fulin Motar Bappayo

Altaneta sabuwa fil daga kwali
ta zauna daram a cikin tsohuwar roka.
Fuli ne ya ƙi.
Nata kwari shida, sirara,
bel ɗinmu ɗaya tilo, kakkaura,
tun Bappayo yana yaron mota.

Na feƙe kara daidai kaurin shaf,
na soke a hula.
Rumfa tara na leƙa a Tashar Dukku.
Wannan ya cika faɗi, batir zai kwana da yunwa.
Wancan ya karkace, zai cinye bel kafin Kumo.

La'asar sakaliya, wajen Jungudo mai gwangwan,
na hango shi ƙarƙashin ƙafar benci,
shekara uku yana hana shi rawa.
Kara ya shige cif.

Jungudo ya ce dubu huɗu,
kuma in nemo wa bencin dutse.