Lissafin Mai Shayi a Tashar Sinnar

Tun kafin ladan ya gyara murya
na hura gawayi a bakin tasha.
Kofuna goma sha tara, ɗaya ya tsage,
citta, kanumfari, sukarin da nake aunawa da ido.
Direbobin Madani na kira, "Hajja, ƙara madara,"
ni da ko Jidda ban taɓa gani ba.

Kakata Hansai ma ba ta gani ba.
Daga Haɗeja ta taso da ƙafa, za ta Makka,
shekara tara tana tafe, tana noma, tana goyo.
A Maiwurno guzuri ya ƙare, gwiwa ta ƙi.
Ba ta bar gona ba, ba ta bar saniya ba,
sai akwatin ƙarfe mai tsatsa a ƙarƙashin gado
da baƙin da ke kwana cikinsa.
Jikoki sun fi talatin.
Ni suka nuna.

Su ba ruwansu da tsadar gawayi.
Inna ta ce farin rago.
Na ce, "Uwar ɗakina, kin leƙa kasuwa kuwa?
Ragon bana ya fi ƙarfin mai shayi.
Riƙe kaza, in an tsinci auduga ma sake zama."
Ta kwantar da ni kwana uku da ciwon kai,
sannan ta karɓi kazar.
Haka muke, zaman ɗan haya da mai gida,
ban dai san wane ne wane ba.

Ɗan Galadima ya taɓa zuwa ana tsakar ciniki,
motar Gadarif na lodi, layi har titi.
Na ji sanyinsa a ƙeya, faranti ya soma rawa.
Na sunkuya kamar mai gyaran wuta,
na yafa lubban a garwashi, na raɗa masa,
"Yarima, Alhamis ce taka.
Yau ta kuɗin makarantar Batula ce."
Ya tafi, amma ɗan sarki ba ya tafiya hannu rufe:
sai da ya raba shayi kyauta da hannuna
ga mutum shida da ban san sunansu ba.
Da dare lissafi ya ƙi cika.

Batula na karatun jinya a Madani.
In ta zo hutu takan yafa wa akwatin zane,
ta ce, "Umma, hawan jini ne kawai."
Ta kawo fararen ƙwayoyi. Ina sha.
Sun rage ciwon kan, ban musa ba.
Ba su hana kowa zuwa ba.

Maƙwabciyata Nafisa ba ta amsa sallamata da rana.
Daren da jaririnta ya ƙi nono,
wa ya ƙwanƙwasa ƙyaurena, fuska a lulluɓe?
Na ƙulla mata turare a bakin gyale,
na ƙirga mata kuɗin motar asibiti,
na ce kada ta bar ko ɗaya.

Ina salla.
Kada a tambaye ni yadda darduma da akwati
ke kwana ɗaki ɗaya;
na tambayi kaina a sujada, goshi ya yi shiru.
In azumi ya kama nakan ɗaure shi da igiya,
su ma sun san wata, ba sa gardama.

Daren Alhamis, garaya da ƙwarya
a ɗakin baya, katifa ta toshe taga.
Abin da aka yi da jikina, sai dai a ba ni labari.
Atishawa uku, na dawo,
zane sharkaf, kwankwaso kamar an daka.

Asuba ba ta san an yi ba.
Na ɗauki murhu, na bi gaɓar Nilu ina ɗingishi.
Dafalla direba ya ce, "Hajja, faɗuwa kika yi?"
Na ce, "I, faɗuwa ce."
Na hura wuta har ta kama,
na ce, "Da madara, ko baƙi?"