Ɓeraye Sun Tuna Hanya

Ƙarfe biyun dare na ɗauke ta a Daedeok,
farar riga a hammata, idanu sun kaɗa.
Ta ce, "Direba, yau ɓerayenmu sun tuna hanya."
Barci ya sace ta kafin mu haye gada.
Ta madubi na karanta katin wuyanta,
sunan kamfani a juye, harafi bayan harafi.

Ni Pyo Deok-man, shekara talatin ina murza sitiyari,
ban san ƙwayar halitta ba, ban san sinadari ba.
Na dai san Ok-bun ta sa takalmina a firji,
tana kira na da sunan wanta da ya daɗe a ƙasa.

Ma'aikata goma sha bakwai, hawa na huɗu,
a saman shagon mai taliya.
Ba su taɓa sayar da ko ƙwaya ɗaya ba.
Bashi ne tuwonsu, alkawari ne hajarsu.
Na san ƙwai a baka ya fi kaza a akurki,
amma na tofar da ƙwan:
kuɗin sallamarta na masaƙa, kaf,
hannun jari dubu huɗu da ɗari biyu.

A kasuwarmu ja ne hawa, shuɗi ne faɗuwa.
Wata tara wayata tana ja kamar garin barkono.
Abokan tasha suka ce, "Sayar, kwaɗayi mabuɗin wahala."
Seul-bi ta ce, "Baba, caca ce ta sa farar riga."
Na ja bakina na tsuke.
Ta yaya zan ce ba riba nake jira ba?
Jira nake in turo ƙofa
a ce, "Deok-man, ka dawo?"

Ranar Talata da hantsi
sakamakon gwaji a kan mutane ya fito:
da wanda ya sha maganin, da wanda ya sha garin sukari,
duk kanwar ja ce.
Talatin cikin ɗari suka zube kafin shayina ya huce.
Washegari haka. Ta uku ban duba ba.
Shuɗi, shuɗi, sai ka ce an tsoma ni a baba.

Makon jiya ta sake tsayar da ni,
rungume da kwali: kofi, tukunyar fure, silifas.
Ba ta gane ni ba. Ban kunna mita ba.
A kan gada ta ce, kamar mai magana da gilashi,
"Ɓerayen fa da gaske sun tuna."
Na ce, "Na sani."

Har yau ban sayar ba.
Duka-duka kuɗin man mako biyu ne.

A gida Ok-bun na ɓare tafarnuwa a bakin taga.
Ta ɗago. "Baƙo, wa kake nema?"
Na ce, "Mijinki ne ya aiko ni."
Ta muskuta, ta ba ni wuri,
ta zuba min rabin tafarnuwar a tafin hannu.